Allurar Wata Uku da Jinin da Ya Hana Ni Salla

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kwantar da ni kuma ya tashe ni. Sunana Hauwa'u. A Briketeri aka haife ni, cikin Yawunde, a gidan da kakana ya gina bayan ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro. A unguwar aka aurar da ni ga Malam Idi, tela ne, shagonsa na layin masu ɗinki. Abin da zan faɗa ya faru ne 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya fara kai mutane Ngaundere. Yanzu na tsufa, kunyar da ta rufe min baki a lokacin ta ragu, kuma ina ganin mata suna zuwa a yi musu allurar nan ta wata uku, su dawo gida da irin tsoron da na sha. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa.

Cikina na bakwai shi ya kusa tafiya da ni. Shekarata goma sha ɗaya da aure, yara biyar a raye, ɗaya ya koma, kuma kusan duk kwanika na yi, na goye bai bar nono ba wani cikin ya shiga. A na bakwai jini ya ɓalle min tun kafin naƙuda. Aka sa ni a taksi zuwa asibiti, ban san shigata ba. Yaron bai zo da rai ba. Kwalba uku na jini aka ƙara min. Malam ya ba da ɗaya, abokan sana'arsa biyu suka bar kekunansu suka zo suka ba da sauran. Allah ya saka musu, dukansu sun riga mu gidan gaskiya.

Ranar da za a sallame ni likita ya sa aka kira Malam. Ɗan kudu ne, gajere mai tabarau, da Faransanci yake magana. Ungozomar asibitin, Madam Odil, ita ke mayar mana. Kusa da unguwarmu ta tashi, tana jin Hausa irin ta kasuwa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Kalma uku na likitan nan har yau suna kunnena, don sau uku ya maimaita yana buga biro a tebur: "Pas de grossesse." Madam ta ce, "Ya ce babu ciki. Shekara biyu, in an samu uku. In ciki ya shiga yanzu, ba ya ɗaukar alkawari." Ta ƙara da cewa tunda babu jariri a nono, cikin zai iya shiga da wuri ƙwarai.

A zamanin ba a tallar irin wannan magani, ba a ma zancensa a fili. Likita ne ke rubutawa idan ya ga rai na cikin haɗari, kuma sai miji ya sa hannu. Ya ce akwai ƙwaya ta kullum, akwai allura ta wata uku. Na zaɓi allura, don na san kaina da mantuwa, kuma ban san inda zan ɓoye ƙwaya a gida mai yara biyar ba. Malam ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ni na ga jinin nan da idona." Ya sa hannu. A hanya ya ce min, "Hauwa, wannan ya tsaya tsakaninmu. Kada Inna ta ji." Inna mahaifiyarsa ce, tare muke zaune, kuma tun ranar da aka binne yaron take cewa Allah zai mayar min da wani kafin shekara ta zagayo.

Bayan na yi arba'in, jinin biƙi ya ɗauke, na koma asibiti. Madam ta yi min allurar a ɗuwawu, ta rubuta ranar dawowa a karne, wato ƙaramin littafin asibiti, ta ce, "Wata uku. Kar ka makara." Iyakar abin da aka gaya min ke nan. Mata sun cika benci suna jira, na gyara zani na fito.

Mako biyu na farko lafiya lau. A na uku jini ya zo. Na ce al'ada ce ta dawo, na ajiye salla. Kwana shida na saba yi. Na shida ya wuce, na bakwai, na goma. Ba mai yawa ba ne, ɗigo-ɗigo ne, wani lokaci ja, wani lokaci kamar ruwan shayi. Sai ya ɗauke da safe, in yi wanka in yi azahar ina murna, kafin la'asar ya dawo. Da na gaji da wanka sau biyu a yini, na daina gwadawa, na zauna kawai ba salla. Ga damina, tsummokina ba sa bushewa, ina shanya su a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa. Idan aka kira salla a masallaci kowa ya ɗauki buta, ni sai in nemi wani aiki in sa a gaba. Wannan ya fi jinin kansa ci min rai. Na riƙa gaya wa kaina cewa na taɓa abin da ba nawa ba ne, shi ya sa aka kore ni daga kan tabarmar salla.

A mako na biyar jiri ya shigo, da ciwon kai, da zazzaɓi mai zuwa da yamma. In na hau ɗan tudun da ke tsakanin gidanmu da famfo sai na tsaya sau biyu. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "'Yar nan, yau kwana nawa ban ga kin yi alwala ba?" Na gaya mata jini ne ya ƙi tsayawa, ban gaya mata dalili ba. Ta ce ai ta sani, asibiti ne suka hana a yi min wankan jego yadda ya kamata, datti ya zauna a ciki. Ta aika aka kawo sassaƙe ta jiƙa min, ta dama kunun kanwa. Maƙwabciyarmu ta ce iska na taka a hanyar famfo, a yi hayaƙi. Wata ta ce mahaifa ce ta karkace, akwai tsohuwa a wajen unguwar Tsinga mai gyarawa da hannu. Duk abin da aka miƙo min na sha, don in na ƙi sai na faɗi dalili. Jiƙon ya sa ni gudawa kwana uku, ɗan ƙarfin da ya rage ya tafi.

Malam ma ban gaya masa gaskiyar yadda nake ji ba. Azumi ya matso, ɗinkin salla ya fara taruwa a shago, kuma na san in ya ji zai ce shi ya jawo min da sa hannunsa. In ya tambaya sai in ce da sauƙi. Kuskurena ke nan babba, ba na ɗora wa kowa shi.

A mako na bakwai na je kasuwar Mokolo sayen manja da busasshen kifi. Ina tsaye ina ciniki na ga fuskar mai kifin ta yi nisa, sai duhu. Na farka a kan buhun rogo, matan kasuwa na yayyafa min ruwa suna magana da yaren da ba na ji. Ɗaya ta gane ni, mijina ke yi wa mijinta ɗinki, ita ta sa ni a taksi ta kawo ni gida, kifina a ƙulle a bakin zaninta.

Washegari Inna ta yafa mayafi ta ce ita za ta raka ni asibiti. Na so in hana, ban samu hanya ba. Tun hantsi muke kan benci. Layin karɓar tikiti daban, layin awo daban, na ganin likita daban, kuma duk wanda ya zo da takalmi mai ƙyalli yana jin Faransanci sai mu ga ya wuce mu. Sai bayan azahar aka kira ni. Madam Odil ta karɓi karnena, ta ja fatar idona ta duba, ta tambayi kwana nawa jinin ya yi. Da na faɗa ta riƙe baki.

"Wata ɗaya! Me ya sa ba ka zo ba? Wannan allura ne ya kawo shi. Yana yi wa mata da yawa haka a farko."

Inna ta juyo a hankali. "Wace allura?"

Madam ta dube ni, ta dubi Inna, ta gane ta yi ɓarna. Ba ta ja da baya ba. Ta ce, "Mama, allura na hutu. Likita ya ce in ya yi ciki yanzu, zai mutu." Inna ta gyara mayafinta ta kalli bango.

Aka ɗebi jinina a yatsa, muka sake jira. Da likita ya ga sakamako ya ce abu uku ne suka haɗu min. Ɗigon jinin na allura ne, kuma shi kaɗai ba zai kayar da mace mai lafiya ba. Amma ni tun haihuwa jinina bai cika ba, abin da ya kira "anemi", ga kuma "palu", wato zazzaɓin sauro, yana cin sauran. Da ya ji labarin jiƙo ya cire tabarau ya shafa ido. Na ce wa Madam ta roƙe shi ya cire min allurar, na fasa. Ya ce ba a cire ta. In ta shiga jiki sai ta ƙare wa'adinta da kanta. Da na san haka tun farko, da ko ba komai na shiga da shiri. Ya rubuta maganin zazzaɓi, da ƙwayar ƙarin jini, da wasu ƙananan farare na 'yan kwanaki don tsayar da ɗigon. Ya ce in ci hanta da ganye, kada in yi azumin bana, kuma kada in ƙara shan abin da ban san sunansa ba.

Muka koma gida a taksi. Da Malam ya shigo cin abinci ta tare shi a tsakar gida, ina jin su daga ɗaki.

"Idi, kai ka sa aka kashe wa yarinyar nan mahaifa?"

"Ba a kashe ba, Inna. Hutu aka ba ta."

"Mu da muka haifi goma, wa ya ba mu hutu? Rai a hannun Allah yake."

"A hannunsa yake. Amma ke ba ki shiga ɗakin asibitin nan ba, Inna. Ni na shiga. Na kira sunanta ba ta amsa ba. Yara biyar zan kawo miki ki riƙe?"

"Shi ne kuka mayar da ni bare a gidan, ina ta ɗura mata jiƙo kamar mahaukaciya."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi min nauyi, don gaskiya ta faɗa. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka. A rana ta uku da safe na ji ƙamshi, sai ga ta da kwano: hanta ce ta aika aka karɓo wajen masu tsire tun ba su ɗora a wuta ba, ta dafa da zogale. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ban ce na yarda ba. Ci." Daga ranar ita ta ɗauki jinyata. Ita ke riƙe da magungunan a cikin gwangwanin goronta, ba ta karatu amma ta san wanne ne na safe wanne ne na yamma. Ta hana ni zuwa famfo, ta hana ni daka. Da ƙwayar ƙarin jini ta mayar min da bayan gida baƙi na firgita, ita ta taka har wajen mai sayar da magani ta tambayo, ta dawo ta ce haka yake yi.

Abin da ya dami Inna fiye da komai shi ne sallata. Da na ɗan samu ƙarfi ta kai ni wurin Malama Dija, mutuniyar Garwa mai karantar da mata a zauren gidan mijinta, Hausarta da ɗan harshen Fulani. Na faɗa mata komai kaina a ƙasa. Ta ce, "Kwana nawa kika saba yi?" Na ce shida. Ta ce, "To, ki ƙara uku a kai. Abin da ya wuce haka ba haila ba ce, jinin ciwo ne. Ki yi wanka, ki yi ƙunzugu, ki yi alwala ki yi sallarki ko yana zuba. Wa ya ce miki Allah ya kore ki?" Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta taya ni lissafin sallolin da suka wuce, ta ce in riƙa ramawa kaɗan-kaɗan yadda jikina zai ɗauka, azumin ma in rama in na warke.

Inna ta gyara zama ta ce, "Malama, ita allurar fa?" Malama ta ce abin da ta karanta a wurin maigidanta shi ne, in likita masani ya ce rai na cikin haɗari, miji da mata suka yarda, kuma jinkirtawa ce ba yanke haihuwa ba, ba ta ga laifi ba. Inna ta ce, "Uhm." A gidan Malama na yi la'asar ranar, a zaune. Ban taɓa jin daɗin sa goshi a ƙasa kamar ranar ba.

Zuwa mako na goma zazzaɓi ya tafi, jiri ya ragu, ɗigon ya koma sai jefi-jefi. Sai ga ranar da aka rubuta a karne ta matso. Kwana uku ina juya abin a raina. Na tambayi Malam, ya ce, "Jikinki ne ya sha wuyar, ke za ki faɗa. In kin ce a'a, sai mu nemi wata hanya." Na tuna ɗigon nan, na kuma tuna yadda aka ce na kwanta ba na amsa sunana. Na je aka yi min ta biyu. Wannan karon ɗigon kwana tara ya yi ya tafi, na yi wanka na koma sallata.

Na ɗauka an gama. Bayan allura ta uku sai al'adar ta ɗauke gaba ɗaya. Wata ɗaya shiru, wata biyu shiru. Ga jikina ya fara cika, rigunan da Malam ya ɗinka min sun matse ni a hannu. A gidan suna wata ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Hauwa, mun ga alama, Allah ya raba lafiya." Na gane ciki take nufi, abin da likita ya hana. Wata kuma da labarin allurar ya kai kunnenta ta ja ni gefe ta ce jinin da ba ya fita taruwa yake a ciki ya dunƙule, shi ne ƙibar da nake gani, wata rana sai an yanka ni. Ko wanne ne a cikin biyun, ni dai mutuwa na gani. Amma na riga na koyi darasi. Washegari da sassafe ina kan bencin asibiti, Inna na gefena.

Aka karɓi fitsarina aka ce in dawo bayan kwana biyu. A kwana biyun nan na wanke kayan yara duka, na nuna wa babbar 'yata inda nake ajiye komai, ba ta san dalili ba. Da muka koma Madam ta ɗaga takarda tun daga nesa ta ce, "Negatif! Babu ciki." Na zauna a ƙasa a wurin. Sannan na ce mata yau ba zan tashi ba sai ta gaya min duk abin da allurar nan ke yi, daga farko har ƙarshe, ko masu layi za su zage ni. Ta yi dariya ta jawo kujera. Ta ce ɗaukewar al'ada ba ciwo ba ce, babu jinin da ke taruwa, mahaifar ce ba ta tara shi tun farko, kuma ga mai ƙarancin jini irina wannan ma taimako ne. Ta ce ƙiba tana zuwa wa wasu, ciwon kai ma haka. Ta ce ranar da na daina, ciki ba zai zo nan da nan ba, zai iya ɗaukar shekara, kada in tsorata. Na ce, "Madam, me ya hana ki gaya min wannan tun ranar farko?" Ta nuna min bencin da ke cike da mata ta ce, "Ni ɗaya ne." Na ji tausayinta, amma har yau ina cewa maganar da ba ta fi ta minti biyar ba ce, da ta raba ni da wahalar wata bakwai.

A bakin asibiti Inna ta saya mana gasasshen kifi da bobolo, dafaffen rogon nan da ake naɗewa a ganye, muka zauna a gindin mangwaro muka cinye, ita da ba ta cin abinci a titi.

Shekara biyu da rabi na yi ina karɓar allurar, ban makara ko sau ɗaya ba, ciki kuma bai shiga ba. Na yi ƙiba, na sha ciwon kai jefi-jefi, amma na koma hawa tudun famfo da bokiti a ka ba tsayawa, na rama azumina, autana na lokacin ya samu uwa mai iya ɗaukarsa. Ba zan ce ta dace da kowa ba. Wata ƙawata ta gwada bayan ɓari biyu, jinin ya yi mata yawa har wata shida, likita ya canza mata da ƙwaya. Abin da nake gaya wa mata shi ne: ki tambaya kafin a soka miki, don in ta shiga ba ta fitowa sai lokacinta ya cika. In jini ya wuce kwanakinsa, ko jiri ya zo, ki koma wurin wanda ya yi miki, kada ki zauna kina shan jiƙo. Ki tambayi malamai hukuncin sallarki tun da wuri. Kuma wadda za ta yi jinyarki in kin kwanta, kada ki ɓoye mata.

Da likita ya duba ni ya ce jinina ya cika, na daina. Wata takwas al'ada ba ta dawo ba. Ina ganin yadda Inna take bin cikina da kallo in na wuce. Ni kuwa hankalina a kwance yake, don wannan karon an gaya min. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ciki ya shiga. Na yi awo tun daga wata na uku, na haihu a hannun Madam Odil da rana tsaka, mace, ba a ƙara min ko ɗigon jini ba. Da aka fito da ita Inna ta karɓa, ta buɗe zanin ta ƙirga yatsun hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta sake ƙirgawa. Sannan ta ɗago ta dubi Madam ta ce, "To, yaushe za ta dawo a yi mata ta hutun?"